Tafiyar da Ta Sa Na Yi wa 'Yar Fari Kitso

Mun tashi da asuba, raɓa ba ta sauka daga ganyen gero ba. Ni ce da 'yata, da jaririyarta a bayana, sai mijinta da ya riƙo mana jaka zuwa tasha. 'Yan ajinmu na makarantar manya, ku da kuka yi ta aiko da tambaya ko da gaske ne an jona wa yarinyar nan wutar lantarki a ka, ga labarin na rubuto muku da hannuna, don in na ce sai na faɗa wa kowa ɗaya bayan ɗaya tuwona zai ƙone. Inda rubutu ya karkace ku yi haƙuri, kun san da furfura na fara riƙe biro.

Ga wadda ba ta san mafari ba, yarinyar nan ita ce 'yar farina. Ta zo gida wanka bayan haihuwa, ba a yi arba'in ba hawan jini ya buge ta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Allah ya taimaka ƙafa ta dawo, tana tafiya ko da tana ɗan janta, baki ma ya miƙe. Hannu ne ya ƙi. Tana iya ɗaga shi zuwa ƙirji, amma yatsun a dunƙule suke kamar mai ɓoye gyaɗa. Abin da ya fi ci mata rai ba daka ba ne, ba wanki ba. Goyo ne. Jaririya har ta fara zama, uwarta ba ta taɓa ɗaura mata majanyi da kanta ba. Ni nake goyon. In ta yi kuka ni take miƙo wa hannu, uwar kuma sai ta juya fuska bango. Daga baya ma ta daina fitowa tsakar gida.

Mijinta ne yake kai ta ganin likita a birni. A zuwansu na ƙarshe aka gaya musu akwai wani bincike da ake yi a kan masu shanyewar hannu, ana ɗora musu wata 'yar na'ura a ka ba tare da an yanka ko an huda ba, in suna so a sa sunanta. Shi ya amsa, ita ta ce ba inda za ta. Da aka bugo waya aka ce lokaci ya yi, na rasa ta inda zan ɓullo mata, sai na ce to ko za a je ko ba za a je ba, kan nan dai ya isa gyara, tun kitson suna ba a taɓa shi ba. Na kira mai kitson unguwarmu. Na ɗauko man shanun da na ɓoye, wanda na saya wurin 'yar Fulanin da ke kawo mana nono, na haɗa da man kaɗanya, na ce kada a yi rowa. Tun hantsi ake yi har la'asar, shuku ƙanana masu kyau, kai yana ta sheƙi. Aka ƙunsa mata lalle har a hannun da ba ya aiki. Da aka miƙa mata madubi ta daɗe tana kallo, can ta ce, “Inna, da asuba za mu tashi ko?” Kun san mu, mace ba ta shiga birni da tsefaffen kai. Ni dai a ranar gani nake na yi dabarar duniya.

Babur ya kai mu Minjibir. A tasha muka karya da ƙosai da koko, ƙosan ya ƙanƙance har sai ka dubi hannunka sau biyu ka tabbatar an ba ka. Kuɗin mota kuwa ya tashi sosai a kan yadda na san shi, da na yi magana direba ya ce in je in yi da masu gidan mai. Mijin 'yata ya roƙa aka ba ta gefen taga don kada a matse hannun, shi kuma ya juya, gona ba ta jira a tsakiyar damina. Kusa da ni wani dattijo ne rungume da kwaryar ƙwan zabi, duk ramin da muka faɗa sai ya yi salati, ba don mu ba, don ƙwan.

Hanya ta yi kyau da shuka. Gero ya fara fitar da kai, dawa ta yi duhu, gyaɗa ta rufe kunya, ko'ina ka duba mutum ne sunkuye. Gari ba ya ƙarewa sai wani ya fara. Amma da muka doshi Ungogo sai na ga gonaki suna ja da baya. Nan gero, nan tulin bulo, can gini ya kai linta masara tana leƙowa ta taga. Na ga wata tsohuwar kuka tsaye ita kaɗai a tsakiyar fulotai, na ce Allah sarki, duk 'yan uwanki sun tafi. Daga inda motar ta ajiye mu muka hau adaidaita sahu zuwa Bacirawa, gidan ƙanwata, inda za mu zauna har a gama. Rabona da unguwar tun akwai gonar rogo a bayan gidansu. Yanzu shagon cajin waya ne a wurin. Ruwa saye ake yi a jarka, ganyen miya ma saye, har zogalen da akuya ke ƙi a gidanmu an ƙulla shi a leda ana ciniki.

Washegari muka tafi asibitin. Babba ne, in ba ka riƙe hanya ba sai ka wuni kana zagaye. Ɗakin binciken yana can ciki, ba hayaniya. Na zata zan ga injina manya masu ƙugi. Abin da na gani kujera ce, da tebur cike da kofunan roba da ƙwallaye da abin maƙale shanya, sai wata 'yar na'ura da ba ta kai rediyon maigida ba, da wayoyi biyu a jikinta, kowace da soso a baki. Batir ne ma a ciki.

Wadda ta karɓe mu likitar motsa gaɓɓai ce, yarinya ce, ba ta girmi 'yata da yawa ba, farar riga a kan hijabi. In Turanci ya kufce mata sai ta tsaya ta nemo Hausarsa. Ta yi tambayoyi da yawa: ko ta taɓa farfaɗiya ko jijjiga, ko an taɓa yi mata aiki an sa ƙarfe a kai, ko akwai ciki, wane magani take sha. Sannan ta zauna ta yi mana bayani. Ta ce hannun lafiyarsa lau, saƙo ne daga ƙwaƙwalwa ba ya isowa, don hanyar da yake bi ta lalace. Ƙwaƙwalwa kuwa tana iya fitar da sabuwar hanya, kamar yadda ƙafa ke fitar da turba a gefen gona in an yi ta bi. Motsa hannun shi ne bin turbar. Ita wutar 'yar kaɗan ce ƙwarai, ana zaton tana sa wurin ya yi laushi, turba ta fi saurin fita. Ta maimaita kalmar, ta ce, “Zato ne, Mama. A wasu wuraren an gwada an ga amfani, a wasu ba a ga komai ba. Da mun tabbatar da ba mu kira shi bincike ba.”

Sai ta faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Wai masu zuwa kashi biyu ne. Wasu za a sakar musu wutar har a gama, wasu kuma za su ji ta da farko sannan na'urar ta ɗauke da kanta ba su sani ba. Ƙuri'a ce ke rabawa, ita kanta ba ta san wa ke ina ba. Na ce, “'Yar nan, daga bayan Minjibir fa muka taso. A ce duk wannan hanyar a ɗora mata soso kawai?” Ba ta ji haushi ba. Ta ce motsa hannun kowa za a yi masa cikakke, shi ne abin da aka riga aka san yana aiki. In kowa ya san an ba shi, murna kaɗai tana iya sa ya ji sauƙi, ita ma in ta sani za ta fi matsa wa wani ba da niyya ba, a ƙarshe a yi ta sayar wa mutane abin da ba a san gaskiyarsa ba. Ta ce in ba mu yarda ba babu laifi, ganin likitanta ba zai tsaya ba. Na tuna da masu magani da lasifika a kasuwarmu, waɗanda ƙullinsu ɗaya ke warkar da ciwo arba'in. Ban taɓa jin mai magani ya ce bai sani ba sai ranar. 'Yata ta ce ta yarda, ta sa hannu.

Aka ja labule, ta zame ɗankwali. Likita ta ɗauko awo irin na tela ta auna kan daga goshi zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, ta sami wurin da take nema a ɓangaren dama, don wai dama ce ke juya hannun hagu. Ta jiƙa soso biyu a ruwan gishiri, ɗaya a goshi saman ido, ɗaya a wurin da ta auna, ta ɗaure da roba. Ta danna. Na'ura ta yi ƙara ta tsaya. Likita ta ƙara ruwa, ta gyara, ta sake dannawa. Ta sake ƙi. Sai ta sa yatsa a tsagar kitson ta ɗago, yatsan yana ƙyalli.

“Mama, me aka shafa mata?”

“Man shanu ne. Mai kyau, ba gauraye.”

Ta yi murmushi ta ce, “Ai tun daga ƙofa na ji mai kyau ne.”

Ta ce mai ba ya barin ruwan gishiri ya taɓa fata, kitson kuma ya ɗage soson sama. In aka matsa a haka wutar za ta taru a wuri ɗaya ta ƙona fatar, shi ya sa na'urar take ƙin tashi. Sai an tsefe an wanke tas. Kuma rukuninsu a makon nan yake farawa, in gobe ba a samu ba sai wani zagayen, ba ta san yaushe ba. 'Yata ta ja ɗankwali da hannu ɗaya ta rufe kan, ta miƙe.

Likitar ta lura. Ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce wannan matsala ta daɗe tana ba su wahala, don inda aka ƙera na'urorin gashin mutanensu ba irin namu ba ne, mata da yawa in an ce su tsefe ba sa dawowa. Ta ce ba duk kan take buƙata ba. Ta kama hannuna ta ɗora a kaina, daidai wurin, faɗinsa bai fi tafin hannun yaro ba. In akwai mai iya kitson da zai kauce wa nan, a bar shi yadda za a iya buɗewa, kuma kada mai ya je kusa, to ya wadatar. Na auna da yatsuna daga saman kunne, na riƙe a raina.

Muna shiga gida 'yata ta zauna a bakin katifa ta ce, “Inna, mu koma gida. Abu ɗaya ne ya yi kyau a jikina, shi ma a kwance?” Ƙanwata ta fara lallashi, tana cewa gashi ne fa, gobe ma a yi wani. Ta juya fuska bango, irin juyawar da na sani.

Na fita na ɗora ruwa a wuta, na aika aka sayo sabulun salo, na shimfiɗa tabarma a inuwar katanga, na ɗauko mataji da tsinke. Sannan na leƙa na ce, “Ke, fito ki zauna.”

“Wa zai yi?”

“Ni.”

Ku da kuka san al'adarmu kun san abin da na faɗa. 'Yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba. Kakarta ce ta yaye ta, a ɗakinta ta girma, ita ke mata kitso har aka kai ta ɗaki. Ƙannenta duk a cinyata aka kitse su, ita kuwa ko a jinyar nan, wanka da komai ƙanwar babanta ce ke yi, ni ina daga gefe da goyo. Ƙanwata ta riƙe haɓa ta ce, “Yaya, yau kunyar 'yar fari a mota kika manta ta?” Na ce ta je ta duba mini ruwa.

'Yata ta fito a hankali tana dubana kamar baƙuwa. Ta ce, “Inna, kin iya ƙanana?” Na ce zauna ki gani. Ta zauna tsakanin gwiwoyina, bayanta a sandare. Tsifar ta ɗauki lokaci, mai kitsonmu ba ta yi da wasa ba. Man shanun nan kuwa sai da muka wanke muka sake wankewa, ruwan saye yana ta tafiya, ƙanwata tana kallon jarka tana tsaki. Maƙwabciyarta, wata Hajiya 'yar asalin Borno da aka haifa a Kano, ta leƙo ta ji labari, ta koma ta kawo humra a 'yar kwalba, ta ce tunda an hana kai mai, a shafa wannan a wuya, mace ba ta zama haka kawai.

Da gashin ya sha iska na raba shi. Ashe kan uwata ne da ita, cika a ƙeya, laushi a gaba, ban sani ba sai ranar. Na nemo wurin da yatsuna, na zagaye shi da tsaga, na kwantar da sauran kitson suna gudu daga wurin zuwa baya kamar kunyoyin gona sun kauce wa rijiya. Gashin tsakiyar na yi masa kalaba guda sako-sako, wadda za a warware nan take a mayar nan take. Ina cikin yi na ji bayanta ya saki, ta jingina da gwiwata. Kafin magariba har gyangyaɗi ta yi. Da ta duba madubi ta ce, “Bai kai na shekaranjiya ba.” Na ce na sani. Ta ce, “Amma a bar shi.”

Da safe likita ta ga kan ta ce ma sha Allah, ta nemi izini ta ɗauki hotonsa ta baya don ta riƙa nuna wa masu zuwa. Na warware kalabar, ta jiƙa wurin, ta ɗora soso, ta danna. Shiru, sai wata 'yar fitila da ta kama. Na tambayi 'yata me take ji, ta ce kamar kiyashi na yawo, da ɗan ƙaiƙayi, can kuma ta ce ya lafa. Na so in tambaya ko lafawar nan tana nufin an ɗauke ne, likita ta riga ni, ta ce kowa haka yake ji, fata ce ke sabawa. Tsawon abin bai wuce a dafa taliya a tace ba. Da aka cire, wurin ya ɗan yi ja, kafin mu kai titi ya baje.

A ranar ne kuma wani babban likita mai furfura ya gwada ta da wata na'urar daban, mai kama da zobba biyu manya a haɗe. Wannan mai maganaɗisu ce. Ya ɗora a gefen kai mai lafiya, ta yi ƙas, sai babban yatsan hannun dama ya zabura shi kaɗai ba ita ta motsa shi ba. Na ce ikon Allah. Ya koma ɗaya gefen, ƙas, hannun hagu ko gezau a idona. Amma ya juyo da allon kwamfuta ya nuna mana wani zare da ya ɗan yi tsalle. Ya ce saƙo yana wucewa, da rauni dai, amma hanya ba ta mutu ba. 'Yata ta daɗe tana kallon zaren nan.

Aikin gaske kuwa a teburin nan yake. Soso yana kai, hannu yana fama: ɗauki ƙwallo, saki, tura kofi, juya tafi. Gumi har haɓa. Likita ta tambaye ta me take so hannun ya fara yi mata, ta sunkuyar da kai ta ce goyo. Washegari aka ce mu zo da majanyi. Aka fara da matashin kai a bayanta, daga baya aka cusa masa ƙullin gero don ya yi nauyi. Matashin nan ya sha faɗuwa. Wani tsohon direban tirela da ke rukuninsu, mai barkwanci, kullum sai ya tambaya, “Yau ɗan naki ya kwana lafiya? Jiya na ji ƙarar kansa.” Ranar farko 'yata ta ɓata rai, daga baya ita ke ba shi amsa, ta ce ya fara riƙe cokali tukuna kafin ya sa baki a renon wasu.

A zaman jira na ƙaru da abubuwa. Akwai masu zuwa don magana ta dawo, su a wani gefen kai ake ɗora musu. Babban likitan ya ce a wasu ƙasashe ana amfani da mai maganaɗisun nan ga masu ciwon damuwa da magani ya ƙi karɓa, ana kuma gwada ta a kan ciwon jiki mai naci da mantuwar tsufa, har akwai masu gwada sautin da kunne ba ya ji don ya kai can cikin ƙwaƙwalwa. Amma duk abin da ya faɗa sai ya raba mana, wannan an yarda da shi, wannan ana kan dubawa. Mijin ƙanwata mai gyaran sola ne, da ya ji bayanin na'urar ya ce batir da waya biyu ne, zai haɗa mana mu tafi da ita gida. Na kai maganar, likitan bai yi dariya ba. Ya ce in gaya masa ya rufa wa kan mutane asiri, sanin wurin da awon wutar shi ne aikin, kuskure kaɗan sai ƙuna ko abin da ya fi haka. Na isar da saƙo yadda aka ba ni.

Kullum da safe in warware kalaba, in an gama in mayar. Wata mata daga cikin gari ta ga kan ta ce ita ma irinsa take so, na yi mata a barandar asibiti. Abincin rana kuwa gurasa muke saye a bakin ƙofa, bandashe mai ƙuli da yaji, ko dafaffiyar sabuwar gyaɗa. Ba kullum ake ganin ci gaba ba. Akwai makon da hannun ya yi kamar ya koma baya, 'yata ta yi kuka a adaidaita, direban ya rage rediyo. Sai wata rana ina gyara wa jaririya zama na ji ɗakin ya yi tsit. Na ɗago. Babban yatsa da manuni sun kama bakin majanyi, hannun dama yana ja, ba su saki ba. Likita ba ta yi shewa ba, ta ce, “Sake.” Ta sake. Ta ce, “Sake.”

Ranar sallama aka maimaita duk gwaje-gwajen farko. An ce an samu ci gaba, ba mai yawa ba, sauran yatsu uku har yanzu da nauyi, kuma in ta daina motsawa a gida abin da aka samu zai iya zubewa. Za a kira mu a sake dubawa. Da muka keɓe na ce wa likitar, “Tsakanina da ke, ta gasken aka yi mata?” Ta ce, “Wallahi Mama ban sani ba. Sai an gama da kowa za a buɗe, kuma za a gaya muku.” Na yi mata addu'a, na ba ta kuka da daddawar da na zo da su. Ragowar man shanun ma na miƙa mata, ta karɓa tana dariya ta ce wannan a miya zai ƙare.

Mun kamo hanyar gida da hantsi. Geron da muka bari yana fitar da kai ya yi ƙwari ya sunkuya, har wasu sun fara karya. Daga Minjibir babur ya sauke mu a bakin turbar garinmu, don ruwa ya cinye hanyar shiga. Na gyara goyo zan wuce gaba, sai 'yata ta ce, “Inna, sauke ta.”

Na dube ta, na dubi turbar, da santsi a wasu wuraren. Na kwance goyon. Ta sunkuya, na ɗora mata yarinyar a baya. Ta ja zani ta soke da dama. Na miƙa mata majanyi. Ta zagayo da shi, yatsu biyun nan suka kama baki ɗaya, dama ta zura ɗayan ta ja. Ya kufce. Yarinya ta fara ƙananan kuka tana waigena. Hannuna har ya tafi, na dawo da shi. Ta sake kamawa, ta cije leɓe, ta ja, ta ƙulla, ta ƙara ƙulli na biyu. Ta miƙe tsaye ta ɗan girgiza kamar yadda kowace uwa ke yi. Yarinyar ta yi shiru, ta kwantar da kunci.

Ta shiga gaba tana jan ƙafarta, ni ina biye, tafukana a buɗe ƙarƙashin goyon ba tare da na taɓa ba. Mun wuce gonar liman a haka. Wajen tsamiyar bakin gari ta ce, ba ta ko waigo ba, “Inna, ina ganin inuwar hannunki. Ki ɗauki jakar da kyau kawai.” Na sauke hannu. Mijinta yana gona ya hango mu, ya ajiye lauje ya tsaya yana kallo har muka zo daf.

To 'yan uwa, abin da na gani ke nan. Ban san ko wutar ce ta yi ba, ko motsawar ce, ko duka biyun, masu abin ma ba su sani ba tukuna, kuma faɗin hakan da suka yi shi ya sa na yarda da su. Na ga mutane masu haƙurin aiki, suna bin abu a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ba don 'yata kaɗai ba, har don wadda za ta zo bayanta. In an kira wata a cikinku ko 'yarta, ta je ta ji da kunnenta, ta yi tambaya, kada kuma ta bari wani ya haɗa mata a gida. Ta je da wankakken kai, man shanu ya jira ta dawo.

Har yanzu ni ke ɗora mata yarinyar a baya, ita ke ɗaurewa. Sunanta kuwa ban fara kira ba, wannan sai a hankali. Amma jiya mai kitson unguwa ta leƙo ta ce kan nan ya isa sakewa, 'yata ta ce mata ta gode, tana da mai yi.